Mama, ga amsar tambayar da kuka yi mini

Manchesta, Ingila
Lahadi, 15 ga Disamba, 2024

Zuwa ga Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ku da yara da dukan mutanen gida. Yaya hunturu? Na san yanzu hazo ya rufe dutsen Wusasa, kowa na fama da kaushi. Mu namu sanyin da ruwa yake zuwa, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Tun ƙarshen Oktoba da suka mayar da agogo baya kun riga mu da awa ɗaya, shi ya sa in kun kira bayan addu'ar asuba ba na ɗauka, lokacin ban tashi ba.

Mama, ɗazu a waya kun ce mini, "Yau ma ba ki je sujada ba?" Na ce aiki ne, kuka yi shiru. Na san wannan shirun tun ina yarinya. Shi ya hana ni kwanciya, na ce bari in zauna in rubuta abin da bakina ya kasa faɗa.

Gaskiya ne, Lahadi uku ke nan a jere ban taka majami'a ba. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. A rana nakan shiga gida tara, wani lokaci goma sha biyu, kowanne rabin awa ko minti arba'in da biyar. In tashe su, in yi musu wanka, in canza musu kaya, in haɗa shayi, in ba su magani, in rubuta duk abin da na yi a wayar aiki, in ruga gida na gaba. Tsufa kuwa bai san Lahadi ba. Dokar aiki ta hana mu yi wa kowa wa'azi, ta kuma hana mu karɓar kuɗi daga hannunsu ko da kyauta ce. Da farko abin ya dame ni ƙwarai. Ni da nake gaba gaba a Zumuntar Mata, ni da ba a fara waƙa sai na iso, ga ni a inda ba zan buɗe baki in ambaci sunan Yesu ba sai in an tambaye ni. Na yi ta tunanin to me ya rage mini na bangaskiya?

Akwai wata tsohuwa da nake zuwa wurinta kowace safiya. Ta haura shekara 90, tana da ciwon mantuwa, ita kaɗai ce a gida. Ranar farko da na shiga ta kira ni ɓarauniya, ta jefe ni da kofi. Na fita waje na yi kuka, na share hawaye na koma, domin in ban wanke ta ba haka za ta wuni cikin jiƙaƙƙen zane. Yanzu na san hanyarta. Sai na ɗuma ɗakin tukuna. In taɓa ruwan da gwiwar hannu in ji zafinsa. In rufa mata tawul a kafaɗa, in riƙa buɗe wurin da zan wanke kaɗai, don kada ta ji an tona mata asiri. Fatarta ta yi laushi kamar takardar da ta sha ruwa, in ka goga da ƙarfi sai ta yage. Ƙafafun ne ƙarshe. Nakan durƙusa in ɗora su a cinyata, in bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya in tsane, in shafa mai.

A durƙushe nake wata safiya sai Kaka ta faɗo mini a rai. Mama, shekara uku kuna wanke ta, kuna juya ta, kuna kwashe abin da ba a faɗa, alhali ba ita ta haife ku ba, surukarku ce. Ni kuwa ina da ƙarfina, amma da zarar na ga kun ɗora ruwa sai in ce muna da koyon waƙa. Nakan dawo daga majami'a ina jin ni ce na yi wa Allah hidima, ku kuma aikin gida kawai kuka yi. Sau nawa na ji an karanta Yohanna sura 13 a makon Ista, yadda Ubangiji ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, ban taɓa waiwayowa na ga ana yin haka a ɗakin da ke kusa da nawa ba. Ku gafarta mini. Na daɗe ina so in faɗa.

Wata rana ina taje mata kai ta fara rera wata waƙa a hankali. Sai na ji muryar waƙar irin wadda muke yi ce a Littafin Waƙoƙi. Na kama da Hausa, tana yi da Turanci, har muka kai ƙarshen baiti. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Washegari ta manta da ni sarai, ta sake yi mini tsawa. Na ɗuma ɗakin, na taɓa ruwan, na fara daga farko.

Abin da ya fi gwada ni kuwa a watan jiya ya faru. Na yi wa wani tsoho hidimar dare, motar bas na gab da wucewa, na fita da sauri. Sai da na isa gida na cire takalmi na tuna ban ba shi maganin daren ba, ga shi na riga na danna a waya cewa na ba shi. Baba, cikina ya ɗuri ruwa. Kun san takardar zamana a ƙasar nan a ɗaure take da wannan aiki. Wanda ya rasa aikinsa kwana 60 ake ba shi ya sami wani wurin da zai tsaya masa, in ba haka ba ya tattara ya koma. Na tuna bashin da aka ci aka turo ni. Na tuna kuɗin makarantar yara. Tsohon ba zai tuna ba, babu wanda ya gani. Wata abokiyar aiki da na kira ta ce in bar kaza cikin gashinta, ƙwaya ɗaya ce.

Na durƙusa zan yi addu'a, addu'ar ta ƙi fita. Ta yaya zan roƙi Allah ya rufa mini asiri a kan ƙaryar da na rubuta da hannuna, ga mutum can kwance bai sha maganinsa ba? Na tashi na kira lambar ofis ta dare, muryata na rawa, na faɗi abin da na yi ba ragi. Suka nemi shawarar ma'aikatan lafiya, aka tura wani ya duba shi. Bai sami wata illa ba, mun gode wa Allah. An kira ni ofis, an rubuta a fayil ɗina, an sa na sake horon ba da magani, kuma mako biyu ana bin bayana ana duba aikina. Na ji kunya sosai. Ban san ko zai shafe ni nan gaba ba, amma tun daren nake barci.

Game da majami'a, kada ku ɗauka na watsar. Akwai ta Angilika kusa da mu, gini na dutse da zai ɗauki ɗaruruwa, amma mu wajen talatin ne, kusan rabi 'yan Afirka. A ƙidayar 2021 ƙasa da rabin mutanen Ingila da Wales ne suka ce su Kirista ne, kashi 46 cikin ɗari. Abin ya taɓa ni, in na tuna daga ƙasar nan Likita Mila ya taso ya zo Zariya, ya sha wahalar aikin fassara har aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Da na zo na raina sujadarsu. Ba ganga, ba tafi, awa ɗaya an tashi. Na ce a raina waɗannan sun yi sanyi. Sai na ga tsofaffin nan, wasu da sanda, kowace Laraba suna jera gwangwanayen abinci da taliya da madara suna raba wa mabukata, ba sa tambayar addinin kowa. A watan da na iso, kafin albashin farko ya fito, ni ma a layin na tsaya, kuma babu wanda ya taɓa tuna mini. Na daina yanke musu hukunci. Ranar Laraba da safe ana Jibin Ubangiji kafin rabon, a nan nake zuwa duk makon da na yi aikin Lahadi. Fasto ya san da haka.

Kirsimeti kuma zan samu. Wata 'yar'uwa Musulma 'yar Gombe da muke aiki tare ta karɓar mini ranar, kamar yadda na karɓar mata ranar Babbar Sallah. Ta tuna mini da maƙwabtanmu da ke aiko mana da nama, mu ma mu aika musu da shinkafa. Abin da ke ci mini rai shi ne rashin yara. Dokar da ta hana masu irin aikina zuwa da iyali ta fara aiki a watan Maris na bana, ni kuma bayanta na samu takarda. Ku ci gaba da yi mana addu'a a kan wannan.

Na tura kuɗi ta hannun Yaya jiya. A cire zakka a kai majami'a, a biya kashi na uku na bashin Kawu, a ɗinka wa yara kayan Kirsimeti. Sauran a sai wa gwauruwar nan ta bayan gidanmu buhun masara, kada a ce daga ni ne. Auta, ke kuma ki riƙa ɗebe wa Mama ruwa kafin ki tafi koyon waƙa, kada ki bi sawuna a wannan.

In an sami mai tahowa, a aiko mini da Littafin Waƙoƙina, yana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, da ɗan kuka da daddawa. Ina so in nemo sauran baitocin waƙar nan kafin tsohuwar ta sake rerawa.

Ku gaishe mini da baban yara, na yi masa tasa wasiƙar dabam. A gaida Gwaggo, da matan Zumunta, da duk wanda ya tambaye ni. Ku shafa mini kan yara.

Ni ce 'yarku.