Kafin kafinta ya sa zarto

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya Sakkwato, yaya zafi? Saƙonka ya iso, na kuma duba zanen teburin da kake son kwamfutarka ta zauna a cikinsa, gilashi a sama. Zanen ya yi kyau, amma don Allah ka dakatar da kafintan nan tukuna, domin ban ga inda iska za ta shiga ba, ban ga inda za ta fita ba. Katako ba ya fitar da zafi kamar akwatin ƙarfe, riƙe shi yake yi. Duk zafin da kayan suka saki, iska ce kaɗai za ta kwashe shi.

Ka fara da gwiwarka. Tsayin teburin aiki santimita 73 zuwa 75 ne, ƙafafu kuma suna son wajen 62 a ƙasa. Abin da ya rage maka a tsakiya bai wuce 11 zuwa 13 ba, har da kaurin katako da gilashi. Babban mai sanyaya furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) irin Noctua NH-D15 tsayinsa milimita 165 ne, ba zai shiga nan ba ko kusa. Shawarata, ka bar tsakiya siriri don wayoyi, ka zurfafa gefen dama zuwa santimita 20, kayan duka su zauna can. Idan ka nace sai siririn teburi gaba ɗaya, to sai gajeren mai sanyaya kamar NH-L12S mai milimita 70, ka kuma haƙura da furosesa mai cin wuta da yawa.

Ga lissafin iskar. A ce furosesa da katin hoto (mai sarrafa hotunan da ke fitowa a allo) tare suna cin wat 450 in ana aiki mai nauyi. Idan kana son iskar da ke fita kada ta fi wadda ta shiga zafi da fiye da digiri 10, sai ka ninka wat ɗin sau uku ka raba da 10: mita kubik 135 ke nan a awa. Fanka mai kyau ta milimita 120 tana tura wajen 100 a fili, in tana gudu iya ƙarfinta. Da ka sa mata raga, ka kuma rage gudunta don kada ta dame ka da ƙara, abin da za ta bayar zai iya komawa rabi. Shi ya sa nake cewa uku su shigar, biyu su fitar. Masu shigarwa su fi yawa, domin iskar ciki ta riƙa turowa waje ta kowace ƙofa, maimakon ta zuƙo ƙura ta tsagin katako. Ka san ƙurar hunturun garinku, ba sai na faɗa maka ba. Ragar ta zama mai cirewa daga waje, a wanke ta duk mako biyu lokacin hazo.

Iskar ta tafi miƙe, ta shiga ta gefe ko ta gaba, ta bi ta kan madabod (babban faifan da ake haɗa sauran kayan a kansa) da katin hoto, ta fita ta baya. Kada mafita ta fuskanci cinyarka, kuma ka bar tazarar santimita 10 ko fiye tsakanin teburin da bango, in ba haka ba zafin da ya fita zai zagayo ya sake shiga. Akwatin wuta kuwa, wato mai raba wa kayan kwamfutar lantarki, a ba shi nasa hujin a ƙasa, ya sha iskarsa daga waje ya fitar waje. Ramin fankar 120 faɗinsa wajen milimita 115 ne, tsakanin sukurori 105. Fankoki biyar kada ka ɗora su a kan soket ɗaya na madabod, yawanci amfiya ɗaya yake ɗauka. Ka sayi ƙaramin mahaɗin fankoki mai shan wuta daga wayar SATA ta akwatin wuta.

Wani abin da ya kamata ka sa a ranka: fanka ba ta sanyaya abu ƙasa da zafin ɗaki. A watan Afrilu, ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki zai iya kusan digiri 40, wato duk lambar da ka gani a gwaje-gwajen Turai, inda ɗaki yake 22 ko makamancin haka, ka ƙara mata kusan 18.

In sanyaya ta ruwa ka zaɓa, lagireto mai milimita 360 ya fi dacewa. Ka tsayar da shi a jikin bangon teburin yadda samansa zai fi famfon tsawo. Akwai iska kaɗan a cikin kowane irin wannan, kuma kullum sama take hawa. In famfon ne a sama, can za ta taru, ya riƙa gurnani har ya lalace.

Batun katako, filawud mai kaurin milimita 18 ya fi mini. Tsagaggen katako yana tsukewa da rani ya kumbura da damina, MDF (garin katako da aka matse) kuma ruwa kaɗan ke lalata shi, ba ya riƙe sukuru da kyau. Kada ka ɗaure madabod kai tsaye a jikin katako. Ka nemi tsohon akwatin kwamfuta wurin masu gyara, a yanko farantin ƙarfensa tare da bayansa. Ramukansa sun riga sun dace da ma'aunin madabod na ATX, milimita 305 da 244, ga ƙananan ƙafafun tagulla da ke ɗaga madabod ɗin. Ka haɗa farantin da jikin akwatin wuta da waya, ka tabbatar soket ɗin bangonka yana da wayar ƙasa mai aiki. Gidaje da yawa baki uku ne a soket, waya biyu a ciki.

Gilashin ya zama gasasshe, mai kaurin milimita 8. Ba a yanka shi ba a huda shi bayan an gasa, tarwatsewa yake, don haka sai an gama teburin sannan a auna. A bar masa sararin milimita 2 ko 3 ta kowane gefe, a shimfiɗa roba a ƙarƙashinsa.

Katin hoto in za ka kwantar da shi, za ka buƙaci wayar ƙari ta PCIe, mai haɗa katin da madabod. Nan mutane da yawa suke ruɗewa: kati na PCIe 4.0, waya ta 3.0, a kunna allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ko ka sayi waya ta 4.0, ko ka sa katin kai tsaye tukuna, ka shiga BIOS (saitin madabod) ka mayar da ramin katin zuwa Gen 3, wato 3.0. Fankokin katin su sami sararin santimita 4 ko 5 tsakaninsu da gilashi, kada su shaƙe.

Kafin komai ya shiga teburi, ka haɗa kayan a kan kwalin madabod ka ga sun tashi. Bayan ka sa su, ka buɗe manhajar HWiNFO mai nuna zafin kayan, ka kunna manhajojin gwaji Cinebench da FurMark tare na rabin awa, sau ɗaya gilashi a buɗe, sau ɗaya a rufe. In rufewar ta ƙara fiye da digiri 5 ko 6, hanyar iska ce ta yi kaɗan, a faɗaɗa ta. Yawancin furosesoshin Intel suna rage gudu a digiri 100, yawancin na Ryzen 7000 a 95.

Ka turo mini sunan katin da tsawonsa, da sabon zane mai nuna ramukan, in duba kafin ku yanka. A gaishe mini da Baba da jiki, Allah ya ƙara masa lafiya.

Wassalam,
naka amini.