Zuwa ga mutumina na Lesta

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maman Ummi da yara. Yaya sanyi? Shirun ya yi yawa, har Hajiya ta fara tambaya ko ɓatawa muka yi. Na ga saƙonka kan filin nan na bayan gidan Kawu, zan zo kansa a wasiƙa ta gaba. Bari in fara sauke abin da ke cina.

Maganar Auta ce. Tun bayan babbar salla kocinsu ya ajiye shi a benci, sai an dawo hutun rabin lokaci ake sako shi. Ka san yaron nan Allah ya ba shi ƙafa. Ranar Asabar na je kallonsu. Ya karɓi ƙwallo ya yanke mutum biyu, ga ɗan'uwansa tsaye shi kaɗai a gaban raga yana ɗaga hannu. Maimakon ya miƙa masa, sai ya taka ƙwallon ya jira wanda ya riga ya wuce ya dawo, don ya sake yanke shi. Rumfa ta kaure da ihu, ana "sai kai, sai kai", aka zo ta baya aka ƙwace. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ko bin ƙwallon bai yi ba. Juyawa ya yi yana kallon 'yan kallo yana murmushi.

A makon ne kuma a wurin aiki aka kawo mana labarin majalisar Amurka, inda wani ɗan majalisa ya zargi abokin hamayyarsa da grandstanding. Sabon yaron da ke koyon fassara a wurina ya rubuta wai mutumin ya tsaya a babbar rumfa. Ban ga laifinsa ba, don asalin grandstand ke nan: babbar rumfar 'yan kallo mai rufi da kujeru hawa-hawa, irin wadda muke leƙe daga nesa a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, mu muna cikin rana. Tun ƙarni na 18 kalmar take a bakin Turawan Ingila, musamman a filayen sukuwa. BBC ma ta yi shirin wasanni da wannan suna daga 1958 har 2007, tambayi tsohon nan maƙwabcinka. Amurkawa ne suka juya kalmar a ƙarshen ƙarni na 19, a besbol, wasan nan nasu na ƙwallo da kulki. Ɗan wasan da zai yi tsalle ya faɗi a kan ƙwallon da zai iya cafewa a tsaye, don rumfa ta tafa, shi suka laƙaba wa sunan. Daga fili ta shiga majalisa da kotu. Saboda haka, Alhaji, in ka miƙe kana dogon jawabin nan naka a taron ƙungiyarku, wani ya ce kana grandstanding, kada ka ce masa na gode. Amma in mai sharhi ya ce grandstand finish, wannan yabo ne, wato wasa ya ƙare cikin zafi har kowa ya miƙe tsaye.

Mun daɗe muna ja-in-ja a ofis kan abin da za mu sa. Burga akwai tsoratarwa a cikinta, shi kuwa wannan ba ya son a ji tsoronsa, so yake a yaba. Riya ta yi nauyi, ta ibada ce, ba na son jawo ta cikin rigimar 'yan siyasa. Aikin ganin ido ya yi kusa, sai dai shi don maigida ake yi, wannan kuwa don taro. Neman suna muka sa, kuma har gobe ina ganin shi ne daidai. Ina rubutawa, fuskar Auta nake gani.

Af, an sa ranar Dogo, bayan azumi. Yarinyar nan dai ta Fagge, wadda ka rantse ba za ta saurare shi ba. Ya ce in gaya maka shadda yake jira, ba addu'a kaɗai ba. Mai shayinmu kuma ya koma bakin titi, teburin ne kawai ya ƙi canzawa.

Don Allah ka kira Auta, ya fi jin maganarka. Ni da na buɗe baki sai ya ce ai jama'a na sonsa. Kullum zancensa Ahmed Musa, to ka tuna masa ƙwallo 18 Ahmed ya ci wa Pillars a kakar 2009/2010 kafin a ɗauke shi zuwa Holand, daga can Mosko, har ya iso Lestar taku a 2016. Ƙwallon da ya shiga raga aka ƙirga masa. Masu zuwa neman 'yan wasa da ɗan littafinsu suke zama, kuma tsorona kada su rubuta sunan yaron nan su soke. Shekararsa 17, lokacin ba shi da yawa.

Takalmin ƙwallon da ka yi masa alkawari, riƙe shi tukuna sai kun yi magana. Lamba 42 yake sawa yanzu. Hajiya na gaishe ku, ta ce a turo mata hoton Ummi.

Naka,
Abokinka na Kano