Gidan jan bulo ma yana da tarihin da ya cancanci a adana

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rubutun da kuka fitar kan adana tsofaffin gine-gine, na kuma ji daɗinsa, sai dai marubucin ya tsaya ne kan fadoji da wuraren ibada da ganuwa. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana a madadin wani gini da ba kasafai ake waiwayarsa ba: gidan jan bulo na unguwannin gefen birni, wanda aka gina a farkon ƙarni na 20.

Irin wannan gida ba sarki ne ya zauna a ciki ba. Akawu ne, ko malamin makaranta, ko mai kanti. A ganina darajarsa ke nan. Lokacin da layin dogo da taragon lantarki masu bin titi suka miƙa zuwa wajen manyan birane, mai ɗan albashi ya samu damar barin cunkoso da hayaƙin tsakiyar gari, ya kwana a gida mai ɗan lambu, da safe ya hau jirgi zuwa aiki. Letchworth a Ingila, da aka kafa a 1903, da unguwar Hampstead Garden Suburb ta Landan a 1907, da Haberfield a Sidni ta Ostireliya da aka fara a 1901, duk 'ya'yan wannan zamani ne. A Shikago ta Amurka kuwa, gidajen bulo marasa bene kusan 80,000 aka gina tsakanin 1910 da 1940, kuma sai a shekarar 2000 hukumar birnin ta ƙaddamar da shirin kula da su.

Misalin da ya fi taɓa ni yana garin Worksop a Ingila. Wani mai kantin kayan masarufi, William Straw, ya tare da iyalinsa a wani gidan jan bulo a 1923. Bayan rasuwarsa a 1932, da ta matarsa a 1939, 'ya'yansu maza biyu suka ci gaba da zama ba tare da sun sauya komai ba. Da na ƙarshen ya rasu a 1990, gidan ya koma hannun National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, kuma yau mutane na zuwa kallonsa. Me suke kallo? Kalandar 1932 a jikin bango, wasiƙu, rasiɗai, gwangwanayen abinci a ɗakin ajiya. Daga waje babu abin da ya bambanta shi da na maƙwabta, amma ciki ya faɗi yadda talaka mai rufin asiri ya rayu fiye da yadda kowace fada za ta faɗa.

Matsalar ita ce yawa kan jawo raini. A Ingila, ginin da ya girmi 1700 kusan kai tsaye yake shiga jerin waɗanda doka ke karewa, amma na bayan 1850 sai an tace shi sosai. Shi ya sa dokar 1967 da ta ba da damar kare unguwa sukutum ta yi amfani. Gida ɗaya ba zai burge kowa ba. Layi guda mai rufi iri ɗaya, da tagogi iri ɗaya, da gajeriyar katanga a gaba, shi ne abin kallo, kuma ana rushe biyu ko uku a tsakiya an ɓata sauran, kamar bakin da ya yi giɓi.

Amma fa ba katafila kaɗai ke cinye waɗannan gidaje ba. Sau da yawa mai gidan ne da kansa, da kyakkyawar niyya. Yawancinsu da kwaɓin farar ƙasa aka ɗaura bulon, kwaɓi mai laushi da ke barin danshi ya fita. Sai birkila ya zo ya cike tsakanin bulo da siminti mai tauri, ruwa ya rasa hanyar fita sai ta jikin bulon, fuskarsa ta riƙa ɓarewa. Wani kuma ya shafe bangon da fentin da ba ya numfashi, gyaran gangar auzinawa ke nan. Tagogin katako da za su gyaru a hannun kafinta sai a cire a sa na roba.

Ban ce a hana mutum sa wutar lantarki ta zamani ko sabon banɗaki ba. Gidan da ba a zama a ciki shi ya fi saurin lalacewa. Ƙa'idar Burra da masana adana gine-gine na Ostireliya suka amince da ita a 1979 ta ce a yi duk gyaran da ya zama dole, amma a taƙaita sauyi iya yiwuwa. Wannan ma'auni ya wadatar.

Ina fata idan za ku sake taɓo batun, za ku nemi wani tsohon birkila ya yi wa masu karatu bayanin bambancin farar ƙasa da siminti.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu