Ba kowace ƙara ce ajalin had-dis ba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da masu kwamfuta, musamman ɗalibai da masu shagon buga takardu irina. Ni shagona yana wajen Kabuga, kuma da wuya sati ya wuce wani bai shigo da laftof a hammata ba hankali a tashe yana cewa Malam ji wannan ƙarar, had-dis ɗina ne zai mutu ko? Sai in kara kunne in ji ashe fanka ce, ƙurar hunturun Kano ta cika ta taf tana ta gurnani. Wannan kam a buɗe a hure ƙurar shi ke nan. Abin da ke ba ni haushi shi ne wanda had-dis ɗinsa ke kukan gaske shi ne ba ya zuwa sai ta riga ta ƙare.

Had-dis dai, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta, faifai ne a ciki yana juyawa, na laftof yawanci sau 5400 a minti ɗaya, na babbar kwamfutar tebur sau 7200, sannan akwai wani ɗan hannu mai kamar allura da ke shawagi a saman faifan yana karatu da rubutu ba tare da ya taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa da kaurin gashin kai ba ta kai ba. To abin da ke motsi haka dole ya yi sauti. In ka kunna ka ji shuuu a hankali, faifan ne ya tashi. In kana kwafar fayil ka ji ɗan kir-kir-kir mara tsari kamar ɓera na cin gyaɗa a bayan buhu, aiki yake yi. Ko ƙwas ɗin nan guda ɗaya da ake ji lokacin kashewa, allurar ce ta koma makwancinta. Duk wannan lafiya lau.

Wadda ake gudu ita ce mai maimaituwa da tsari, ƙwas... ƙwas... ƙwas kamar agogon bango, sai faifan ya tsaya ya sake tashi ya sake ƙwas ɗin. Allurar ce ke neman hanya ta kasa samu tana komawa baya. Akwai kuma ƙarar gurza kamar ana goga ƙarfe a ƙarfe, wannan ita ta fi muni don allurar ta sauka kan faifan tana kankare shi, kuma abin da take kankarewa hotunan bikinka ne da takardunka. Sai ta ukun, ɗan kuka siriri ƙiii ƙiii, wato faifan yana so ya juya ya kasa. In ka ji ɗaya daga cikinsu kuma ga kwamfutar tana sandarewa ko fayil ya ƙi buɗuwa, kada ka tsaya gwaji.

Bara wata ɗaliba ta kawo min tata, aikin kammala karatunta ne a ciki babi huɗu ta gama. Ta ce sati biyu tana jin ƙwas-ƙwas ɗin, wani mai gyara ya ce mata wai ta sa had-dis ɗin a leda ta jefa a firiza ya kwana. Ta sa kuwa. Da ta fito da shi ya yi gumi, raɓa ta shiga ciki, ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Wallahi a kan bencin shagon nan ta zauna tana kuka, ni kuma ba abin da zan iya, da a ranar farko ta zo mai yiwuwa da mun kwashe fayilolin a filas cikin minti goma. Haka masu bubbuga shi da hannu, da masu kwance murfinsa da sukundireba wai su leƙa, a garin da ƙura ke shiga har cikin kwanon miya.

Amma fa kar a yi saurin yanke hukunci kan had-dis na waje mai kebul ɗin USB, shi wani lokacin ƙarancin wuta ne ke sa shi ƙwas-ƙwas, a canza kebul ko a soka a wata kafar a gani tukuna. Sannan akwai manhaja ta kyauta CrystalDiskInfo, tana karanta bayanan lafiyar da had-dis ke ajiyewa da kansa waɗanda ake kira SMART, shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuma ta ɓaci. Duk mai zuwa Beirut Road ko Farm Centre sayen laftof na hannu ya ce a buɗe masa manhajar a gabansa kafin ya biya kuɗi. Sai dai ni na fi yarda da kunnena, don na ga wanda ya nuna shuɗi kuma bai ƙara wata guda ba.

Wanda kwamfutarsa ke da SSD kuwa, wato sabuwar irin ma'ajiyar fayiloli da ake sawa a madadin had-dis, babu abin da ke juyawa a cikinsa, in ya ji ƙara ya duba fanka. Shi kuma SSD matsalarsa ba ya kuka kafin ya tafi, shi ya sa nawa ma duk Juma'a bayan masallaci nake kwafe shi a wani wuri.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai shagon buga takardu, Kabuga, Kano