Koke Zuwa Ga Mai Girma Uban Ƙasa Kan Yaranmu Da Aka Cire Daga Tallafin Karatu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya. Mu ne talakawanka, iyayen ɗalibai, tare da limamanmu da masu unguwanni. Muna gaisuwa, mun kuma kawo kuka inda aka san mu.

Yaranmu da ke karatu a Gusau, Kaura Namoda, Talata Mafara, Maru da Sakkwato sun shiga jerin masu tallafin karatu, wasu har sun ga kuɗin shekarar farko a asusunsu. Da aka sake tantancewa, sai sunayen da dama suka fita. Ba a kira kowa ba, ba a ba kowa takarda ba. Mai sa'a ne ma ya ga saƙo a waya cewa bayanansa ba su dace da juna ba.

Mun tara yaran a zaure, muka shimfiɗa takardunsu a tabarma ɗaya bayan ɗaya. Wallahi babu wanda ya faɗi jarrabawa a cikinsu. Abin da muka gani, ranka ya daɗe, abu ne da ka sani tun kafin mu faɗa. Yaro ɗaya, a takardar JAMB Muhammad, a katin NIN Muhammadu, a banki Mohammed. Wani a firamare an liƙa masa sunan kakansa, a sakandare sunan garinsu, yadda aka saba a ƙasar nan. Ranar haihuwa kuwa, yawancinsu a ɗaka ungozoma ta yanke musu cibiya, ba wanda ya rubuta komai. Mai shagon kwamfuta ne ya sa musu 1 ga Janairu don fom ya wuce, wani shagon kuma ya sa wata ranar daban. Laifin wa ke nan?

Akwai yarinya guda da lamarinta ya hana mu barci. Aikin jinya take karanta, ga shi a garinsu mace mai naƙuda sai an ɗauke ta a babur zuwa asibiti. Daren da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu, takardar shaidar zama 'yar asalin ƙaramar hukuma ta ƙone a akwati tare da tufafin mahaifiyarta. Kwafi ne ya rage a hannunta, aka ce sai ta asali. Uwar ta sayar da tunkiyarta ɗaya tal, suka yi kuɗin mota sau biyu, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Duk zuwa, sai a ce su dawo. Yanzu tana gida tana surfe, littattafanta a buhu.

Wasu sun ce mu nemi rancen karatu na NELFUND da aka yi wa doka a 2024. Mun gode da shawara, amma rance ne, kuma can ma lambar NIN da BVN da ta JAMB ake tambaya. Gyaran dai ɗaya ne.

Ba alfarma muke nema ba, kuma ba mu zargi kowa da cin haƙƙi ba. Roƙonmu shi ne ka kai maganar gaban Mai Martaba da shugaban ƙaramar hukuma, a buɗe wa yaran nan ƙofar ɗaukaka ƙara. A gaya wa kowane yaro a rubuce dalilin cire shi, a ba shi lokacin da zai yi takardar rantsuwa a kotu ya daidaita sunansa. Waɗanda takardunsu suka ƙone ko suka salwanta a gudun hijira, a karɓi shaidar mai unguwa da ta dagaci da sa hannunka, tunda dama ta hannunku takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma take bi. Idan masu tantancewa za su zo fadarka na yini ɗaya, mu za mu kawo yaran da takardunsu, mu ɗauki nauyin ruwa da abinci.

Muna roƙon a hanzarta, domin rajistar zango ba ta jiran kowa, kuma wasu iyayen sun fara maganar tura samarin haƙar zinariya.

Allah ya ja zamanin Uban Ƙasa, ya ba Zamfara zaman lafiya.

Mu ne naka,
Iyayen ɗalibai, limamai da masu unguwanni.