Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Dikko Radda Kan Cinikin Iyakarmu Da Nijar

Mai Girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Radda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ka riƙo. Magana ce muka zo da ita wadda ake yankewa a Abuja da Yamai, amma a Jibiya, Mai'adua, Kwangwalam da Ɗankama ake jin zafinta.

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu masu tambarinta, su shiga ba biza, kayansu kuma su ci moriyar tsarin ciniki maras haraji, sai dai har zuwa ranar da za a yanke wani hukunci. Ranka ya daɗe, a kan wannan sharaɗi jarin mutanenka yake rataye.

A tsarin ECOWAS, amfanin gona, dabbobi da kayan sana'ar hannu ba sa buƙatar takardar shaidar asali, kayan masana'anta ne ke buƙata. Baƙo yana iya zaman kwana 90 ba biza. Makiyayi kuma tun 1998 yana da takardar ƙetare mai nuna yawan dabbobinsa, allurar da aka yi musu da hanyar da zai bi. Ranar da aka ce waɗannan sun daina aiki, me zai maye gurbinsu?

Ƙasa ta riga ta fara motsi. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso. A Maris ɗin 2025 ƙasashen uku suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigar musu daga waje, har da namu. A watan Mayu kuma, gabanin Babbar Sallah, Nijar ta hana fitar da dabbobi. Harajin ba shi ne abin kuka ba, kayan naira miliyan 10 dubu 50 za su biya. Abin da ke karya ɗan kasuwa shi ne doka ta faɗo dare ɗaya. Dillali ya ba da kafin alƙalami, ya yi lodin raguna, ya iso iyaka ya tarar da ƙofa a rufe. Kullum sai ya sayi dusa da ruwa, ragunan na ramewa a rana, mai mota na lissafin kuɗin kwana. Idan tumatir ne ko ɗanyen barkono, kwana biyu ya isa a zubar. Ƙarshenta a bi ɓarauniyar hanya da babura cikin dare, a faɗa hannun 'yan bindiga, gwamnati kuma ko sisi ba ta samu ba.

Mun ga irinta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta sa takunkumi ranar 30 ga watan, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar lantarki, manyan motoci suka yi dogon layi a mashigar Magama ta Jibiya. Sai 24 ga Fabrairun 2024 aka janye, iyaka ta buɗe a Maris. Sojoji suna nan kan mulki, direba da ɗan dako da mai shago ne suka biya kuɗin.

Roƙonmu shi ne kada a jira ECOWAS da ƙawancen Sahel na Nijar, Mali da Burkina Faso su gama jan igiya. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai. Ta girmi ECOWAS da shekara huɗu, ficewar Nijar ba ta rushe ta ba, kuma an tattauna farfaɗo da ita lokacin da Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya je Yamai a Afrilun 2025. Mun san iyaka hurumin tarayya ce, amma jihohi bakwai ke maƙwabtaka da Nijar, kuma idan ka haɗa kan gwamnoninsu Abuja za ta saurara. A nemi yarjejeniya a rubuce wadda za ta ambaci takardun da ake karɓa ɗaya bayan ɗaya, a liƙa su da Hausa a kowace mashiga. Duk wanda zai hana fitar da kaya ya ba da sanarwar kwana 30, motar da ta riga ta yi lodi kuma a bar ta ta wuce. Abinci, magani da lantarki a cire su daga duk wani takunkumin siyasa. Wannan ya shafi har 'yan'uwanmu da ta'addanci ya kora jihar Maradi tun 2019, domin tallafin da ake kai musu da hanyar dawowarsu gida sun dogara ne da zaman lafiyar iyakar.

Akwai kuma abin da ke kusa da hannunka. Ka zauna da gwamnonin Maradi da Damagaram a kai a kai, tare da sarakuna da shugabannin kasuwanni. Ka tara shugabannin jami'an tsaro kan yawan shingayen hanyar Katsina zuwa Jibiya, domin duk abin da direba ya bayar a shinge a kan buhu yake ɗora shi.

Sannan ga layin dogo na Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, wanda ya ratsa Daura, Katsina da Jibiya. Tun kafin jirgi ya fara tafiya ya kamata a daddale inda za a riƙa duba kaya da takardar da kwastan ɗin ɓangarorin biyu za su amince da ita, don kada a sauke kaya a Jibiya a sake sauke su a Ɗan Isa da ke ɓangaren Nijar.

Mun gode, Allah ya yi maka jagora.

Daga wasu 'yan kasuwar kan iyaka,
Katsina da Daura.