Shawara ga mai shirin zaga Turai a jirgin ƙasa karo na farko

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in yi magana da masu shirin zuwa Turai hutu karo na farko, musamman waɗanda ke son su sauka a ƙasa guda sannan su zaga sauran a jirgin ƙasa. Ko wanda ya taɓa zuwa Hajji ko Umra kada ya ɗauka ya san hanya, domin a can hukumar alhazai ko kamfani ne ke riƙe da komai. A nan babu mai kiran sunanka a lasifika. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne shiri a baibai: a sayi tikiti, sannan a nemi biza, sannan a fara tunanin inda za a.

Hanya ake fara zanawa, don ita ce ke nuna ofishin jakadancin da za ka je. Bizar Shengen (yankin ƙasashen Turai da ke amfani da biza guda) ta gajeren zama tana aiki a ƙasashe 29, kuma ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana nemanta ne daga ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za ka fara shiga. Mai kwana biyu a Jamus da shida a Italiya, wurin Italiya zai nema, ko da a Frankfurt jirginsa zai sauka. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Sai inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da fasfo mai sauran wata uku bayan ranar barinka yankin, mai shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, kuma mai niyyar tafiya tsakanin Yuni da Agusta bai kamata ya tsaya jira ba. A lura: Suwizalan na cikin Shengen, Birtaniya ba ta ciki. Jirgin Eurostar na kai mutum Landan daga Paris cikin awa biyu da 'yan mintoci, amma in babu bizar Birtaniya, tun a tashar Paris za a mayar da shi.

Daga Abuja zuwa Frankfurt kai tsaye kimanin awa shida da rabi ne. Ta Istanbul, Alƙahira, Adis Ababa ko Doha sau da yawa ya fi araha, sai dai tafiyar kan wuce awa goma sha biyu. Kowacce ka zaɓa, ka tabbata tikiti guda ne daga farko har ƙarshe. In ka haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban don neman sauƙi, jirgin farko ya makara, na biyu ba ruwansa, sabon tikiti za ka saya. Kuma a filin jirgin Shengen na farko da ka taka ake duba fasfo, ba a na ƙarshe ba. Tun Oktoban 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a wurin, layi kan yi tsawo, don haka tazarar da ba ta kai awa biyu ba tsakanin jirage biyu kasada ce. Jami'in na iya neman shaidar masauki, tikitin komawa da takardar inshora. A buga su a takarda, kada a dogara da waya.

Batun tsaraba kuwa, a yi haƙuri. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da madara da duk abin da aka yi da su: kilishi, dambun nama, man shanu, duk ƙwacewa za a yi, wani lokacin har da tara. Dabino ba laifi. Kuɗin hannu da ya kai Yuro 10,000 dole a bayyana shi ga kwastan. Magani ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita, a jakar hannu. Fawa banki ma jakar hannu ne wurinsa, an hana sa shi a babbar jaka saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. Turare da man shafawa na jakar hannu kada kwalbarsu ta wuce mililita 100. Tikiti na iya ba ka jaka biyu masu kilo 23 kowacce, amma ka tuna kai ne za ka ɗaga su zuwa cikin tarago, kuma babu ɗan dako a tashoshin. Jaka guda mai taya ta kilo 15 ta isa.

A cikin jirgi abubuwa uku ke damun sabon shiga. Na farko kunne, lokacin sauka, saboda sauyin matsin iska: haɗiye yawu, hamma ko taunar cingam na buɗe shi, jariri kuma a ba shi nono. Na biyu bushewar iska, wadda ke kawo ciwon kai. Ruwa ne maganinsa, a sha kofin ruwa guda kowace awa. Na uku ya fi haɗari, wato daskarewar jini a jijiyar ƙafa saboda dogon zama, kuma tafiyar da ta wuce awa huɗu ce ke kawo shi. A riƙa miƙewa ana takawa duk bayan awa biyu. Mai ciki, mai ƙiba da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan su ga likita kafin tafiya. Abincin halal ana nemansa ne a shafin kamfanin da alamar MOML, kwana biyu kafin tashi. Agogo dai ba zai wahalar da kowa ba: da hunturu lokacin Najeriya da Nijar ɗaya ne da na Jamus, Faransa da Italiya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma suna gaba da awa guda. Lokutan salla ne ke sauyawa sosai, don a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai dab da ƙarfe goma na dare. Idan jaka ba ta fito ba, a cike takardar ƙorafi a teburin kaya kafin a bar ɗakin.

Yanzu jirgin ƙasa, inda aka fi asarar kuɗi. Wanda ba mazaunin Turai ba Eurail zai saya, Interrail na mazauna ne. Tikitin yawo ne da ke aiki a ƙasashe 33, ana zaɓar kwanakin tafiya, misali huɗu, biyar ko bakwai a cikin wata guda, kuma akwai rangwame ga 'yan ƙasa da shekara 28 da masu 60 zuwa sama. Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne tikitin yawo ba kujera ba ne. Jirage masu saurin gudu irin su TGV na Faransa, Frecciarossa na Italiya, AVE na Sifaniya, Eurostar da jiragen dare duk sai an kama kujera daban da ƙarin kuɗi: Yuro 10 zuwa 20 a cikin Faransa, fiye da haka idan za a tsallaka iyaka. A wasu layukan ma kujerun da aka ware wa masu tikitin yawo ƙayyadaddu ne, suna ƙarewa alhali jirgin bai cika ba. A Jamus, Ostiriya da Suwizalan yawanci shiga kawai ake yi. Saboda haka, a ganina, mai tafiya uku ko huɗu da ya riga ya san ranakunsu, musamman a Faransa da Italiya, gara ya sayi tikitin kowace tafiya tun saura wata biyu ko uku a shafin kamfanonin jirgin ƙasa: SNCF na Faransa, Trenitalia na Italiya ko DB na Jamus. Tikitin yawo na biyan kuɗinsa ne ga mai son sauya shawara a hanya. Wanda ya saye shi kuma, dole ya shigar da kowace tafiya a manhajar Rail Planner ya kunna ta kafin ya hau. In mai duba tikiti ya zo bai ga haka ba, daidai kake da wanda bai biya ba.

Ga misalin hanya mai sauƙi. Filin jirgin Frankfurt na da tashar jirgin ƙasa a jikinsa. Daga birnin zuwa Paris kimanin awa huɗu ne, a sauka a Gare de l'Est. Jirgin Zurich ta Suwizalan kuma daga Gare de Lyon yake tashi, wata tasha ce daban a wani ɓangaren birnin, don haka mai sauyin jirgi a rana ɗaya ya ware aƙalla awa guda. Paris zuwa Zurich awa huɗu, Zurich zuwa Milan awa uku da 'yan mintoci ta ramin Gotthard mai tsawon kilomita 57 da aka buɗe a 2016, Milan zuwa Roma kusan awa uku.

Jirgin ƙasa a can ba motar tasha ba ce da za a jira ta cika. TGV na rufe ƙofa saura minti biyu, kuma a ƙananan tashoshi tsayuwar minti biyu ce kawai. A allon tasha lambar jirgi da lokaci ake dubawa, domin allon na nuna zangon ƙarshe ne, ba lallai garinka ba. Sunayen garuruwa da harshen masu ƙasa suke: München (Munich), Köln (Cologne), Wien (Vienna), Firenze (Florence). Hbf a Jamus da Centrale a Italiya na nufin babbar tasha. Frankfurt biyu ce, ta kogin Main ita ce mai filin jirgi, ta kogin Oder tana can iyakar Polan. Mai zuwa Venis kada ya sauka a Mestre, Santa Lucia ce tashar cikin ruwa. Wasu jiragen kan rabu biyu a hanya, rabi ya yi gabas rabi ya yi yamma, shi ya sa lambar taragon da ke kan tikiti ba ado ba ce. A Italiya, tikitin takarda na jiragen kusa sai an buga shi a ƙaramin injin da ke bakin dandamali kafin a hau, in ba haka ba tara ce nan take. Akwai kuma Deutschlandticket, tikitin wata na Jamus mai jan hankali saboda araha: ba ya aiki a ICE, jirginsu mai saurin gudu, kuma rajista ce mai sabunta kanta duk wata, sai an soke ta kafin ranar 10 ga wata.

Kada sunan Jamus ya ruɗi kowa game da cika lokaci. A 2024 kashi 62.5 cikin ɗari ne kawai na jiragenta masu dogon zango suka iso a kan kari. Sauyin jirgi mai tazarar minti takwas da manhaja ke nunawa, a mayar da shi minti talatin. A ƙa'idar Tarayyar Turai, makarar awa guda na sa a mayar maka da kashi 25 na kuɗin tikiti, ta awa biyu kashi 50, amma sai ka nema. Ranar komawa gida kuwa, a kwana a garin da jirgin sama zai tashi.

Fasfo ya kasance a jikinka, ba a cikin jakar da ke kan shantan tarago ba, saboda 'yan sane sun fi aiki a manyan tashoshi, kuma Jamus na binciken takardu a duk iyakokinta na ƙasa tun Satumban 2024. Filogin Najeriya mai baki uku ba ya shiga soket ɗinsu, a sayi adafta tun a gida. A Suwizalan Faran ake kashewa, ba Yuro ba. In injin biyan kuɗi ya ba da zaɓi tsakanin kuɗin ƙasar da Dala, a zaɓi na ƙasar, canjinsa ya fi sauƙi. Banɗakin tasha na kuɗi ne, kusan Yuro guda, kuma ba buta, sai a riƙe ƙaramar gorar ruwa. Kantuna a Jamus da Ostiriya a rufe suke ranar Lahadi in ban da na manyan tashoshi. Matan da za su hau jirgin dare na Nightjet suna iya neman ɗakin kwana na mata zalla lokacin kama wuri. Lambar neman agajin gaggawa a duk ƙasashen nan 112 ce.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Wassalam,
Wani ma'aikacin shirya tafiye-tafiye,
Kano.